Ɗan tsakona ya ƙi girma, yanzu kuma ya saki fukafukai

Maman Sadik, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema. Kazata ta Hausa ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, yanzu sun shiga sati na biyar. Takwas suna nan garau, har gashin fiffike da na jela ya fito musu. Ɗayan kuwa tun farko shi ne ƙarami, shi ya fito ƙarshe, yanzu ko rabin 'yan uwansa bai kai ba. Da duk da haka yana bin uwar, to tun shekaranjiya ya daina. Sai ya samu wuri ya takure, ya saki fukafukai, ido a lumshe, yana kuka ƙasa-ƙasa. In na watsa tsaki sai ya zo ya ɗan tsattsaga ya koma. Kashi kuma ya manne masa a baya. Yarona ya ɗora masa son duniya, da ya dawo makaranta wajensa yake fara zuwa. Me zan ba shi?

Abba Kurna:
Wa alaikumus salam Anti. Ki sayi kafson nan ja da yalo a kemis, ki farke ki zuba masa a ruwa. Amma gaskiya in faɗa miki, irin wannan ko ya tashi babu riba a cikinsa. Mu masu burola, kajin gona na nama, a kwalin 'yan tsaki hamsin da wuya ka rasa ɗaya ko biyu da suka tsumbure. Abinci kawai suke ci, ranar sayarwa ba mai kallonsu. Ni cire su nake yi tun da wuri.

Hajiya Goggo, Yakasai:
Kai Abba, daga ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi? Ko tambaya ba ka yi ba ka rubuta magani. 'Yata, sanyi ne ya fara kama shi. Hunturu ya shigo, 'yan uwansa sun girma sun cika ƙarƙashin uwar, shi mai ƙaramin ƙarfi su ke ture shi waje, ya kwana yana shan iska. Ki ɗauke shi yanzu-yanzu, ki sa shi a kwali da tsumma, ki kai shi ɗaki. Kashin da ya manne ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki dinga dannawa a hankali har ya saki, kada ki fizge, fatar wajen ba ta da kauri. In kin gama ki goge shi ya bushe, ki ɗan shafa man gyaɗa. In aka bar kashin nan ya toshe wajen, shi kaɗai ya isa ya kashe ɗan tsako. Sannan ki daka jan barkono ki zuba a ruwan shansu gaba ɗaya, in kina da saƙe-saƙin maɗaci ki jefa. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

Maman Sadik, Ɗorayi:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na ɗauke shi, yana cikin kwali. Da na riƙe shi sai na ji ba nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinsa ya fito tsini.

Dakta Kabiru:
Salamu alaikum. Maman Sadik, abin da Hajiya ta ce na ɗumi da wanke kashin, ki yi shi yadda ta faɗa. Ja da yalo kuma ki dakata tukuna. Kafin a ambaci kowane magani ina so ki amsa min waɗannan. Kashin wane launi ne, fari, kore, ko akwai ja-ja a ciki? Me suke ci banda tsaki? Ina suke kwana, kuma wajen a bushe yake? An shigo da sabuwar kaza gidan kwanan nan, ko kajin maƙwabta suna mutuwa? Sannan ki buɗa gashin ƙarƙashin fiffikensa da gefen jela a cikin haske ki duba ko wani abu yana motsi. Ki taɓa ƙasan wuyansa ta dama, inda abinci ke taruwa, ki ji ko wayam yake ko a cike.

Maman Sadik, Ɗorayi:
Dakta, kashin ruwa-ruwa ne, launin ƙasa, yau da safe na ga wani da ɗan ja kamar jini a inda suke kwana, amma ban san na wane ne ba. Abincinsu tsakin masara da dusa, sai ragowar tuwo da shinkafa. Akurkin yana kusa da inda muke wanke-wanke, ruwa kan ɗan bi ta gefen. Ba mu shigo da sabuwa ba. Wuyan nasa wayam. Na duba ƙarƙashin fiffiken, akwai wasu ƙananan abubuwa masu gudu, launin ruwan dusa.

Dakta Kabiru:
To alhamdulillahi, kin ga yanzu mun samu bakin zaren. Ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma abin da kika faɗa yana nuna abu uku ne suka haɗu a kansa.

Na fi damuwa da jinin nan. 'Yan tsaki 'yan sati uku zuwa shida, wajen kwana mai danshi, kashi da jini, takurewa da sakin fukafukai, wannan hoton cutar kashin jini ce, wadda mu ke kira koksidiyosis. Wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani, tana zama a bangon hanji tana cinye shi. Ƙwayayenta suna fita ta kashi, in suka samu danshi da ɗan ɗumi sai su nuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani ɗan tsakon ya tsattsago su ya haɗiye. Shi ya sa akurki kusa da wajen wanke-wanke yake da haɗari. Hanjin da ya ji rauni ba ya iya tsotse amfanin abinci, sai ki ga ɗan tsako yana ci amma yana ramewa. Babbar kaza ta saba da ita, jikinta ya yi garkuwa, ita ce ma take zubar musu ba tare da ta nuna komai ba. Kuma ki sani, in ita ce, sauran takwas ɗin ma sun ɗauka, shi dai mai rauni ne ya fara faɗuwa.

Na biyu ƙwarƙwatar kaji, ita kika gani tana gudu. Babba kan jure, ƙarami kuwa hana shi barci da ci take yi.

Na uku abinci. Tsakin masara da dusa da tuwo duk dangin abu ɗaya ne, suna ba da ƙarfi amma sinadarin gina jiki ya yi kaɗan. Masara ba ta wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari ba, ɗan tsako kuwa yana son wajen kashi 20. Kazar ƙauye tana cike giɓin da ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye a bayan gari. A tsakar gidan siminti a cikin birni me za ta tono musu? Masu ƙarfi suna rige-rigen ɗan abin da aka samu, shi ba ya kaiwa.

Gobe da safe ki sa ɗanyen kashin a leda, ki ɗauki ɗan tsakon a kwalinsa, ki je asibitin dabbobi, na Gwale bai yi miki nisa ba. In an duba an tabbatar, akwai maganinta mai suna amprolium, a ruwan sha ake sawa kwana biyar zuwa bakwai, kuma duka za ki bai wa, ba shi kaɗai ba.

Abba Kurna:
Dakta da girmanka, amma ja da yalon nan muna bayarwa kuma muna ganin aiki. Ba kowa ke da kuɗin mota da na asibiti a kan ɗan tsako guda ba. Kuɗin adaidaita daga Ɗorayi zuwa Gwale da dawowa ya kusa sayen wani.

Dakta Kabiru:
Abba, ba a kan ɗan tsako guda za ta je ba, a kan tara ne da uwarsu da duk waɗanda za a ƙyanƙyashe a wannan akurkin nan gaba. Ja da yalo tetracycline ne, an auna shi don mutum, don cututtukan bakteriya. Ba shi ne maganin da aka tanada don kashin jini ba, ba ya kashe ƙwarƙwata, ba ya taɓa cutar da bairos ke kawowa. Wani lokaci ka bayar kaza ta warke, amma da ma za ta warke, ko kuma an dace ciwon nata na bakteriya ne. Abin da ya fi damuna shi ne yawan ba da shi barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Ranar da yaro a gidan ya buƙaci irinsa sai a ga ba ya ci. Ga kuma ragowarsa da ke zama a nama da ƙwai in ba a jira kwanakin da aka rubuta a jikin magani ba kafin a yanka. Kai da kake sayar wa mutane nama, wannan ya fi shafarka.

Malam Habibu, Gwammaja:
Ina so in ɗan sa baki a kan maganar riba. Abba ɗan kasuwa ne, lissafinsa daidai ne a wajen mai kaji ɗari biyar. Amma ita wannan baiwar Allah dabba ce a hannunta, ta ɗauki amanarta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sahabbai sun tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko akwai lada a kan dabbobi, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Saboda haka ruwan da za ta ɗiga masa ba asara ba ne ko da bai rayu ba. In kuma ta ga wahalarsa ta yi yawa babu alamar tashi, yankawa ta fi a bar shi a kwata yana shure-shure. Abin da bai kamata ba shi ne a jefar da shi da ransa, kuma ana yi, ina gani a bola.

Abba Kurna:
Haka ne Malam. Ni ma ba jefarwa nake yi ba, almajirai ko yaran maƙwabta nake bai wa su rena.

Maman Sadik, Ɗorayi:
Na gode muku duka. Dakta, daren nan fa? Ba ya shan ruwa da kansa. In ɗura masa da sirinji? Kuma babu wuta a unguwarmu balle in kunna masa ƙwan lantarki, in sa kaskon gawayi kusa da kwalin?

Dakta Kabiru:
Kada ki ɗura. Ƙofar numfashin kaza tana nan a gindin harshe, in kika matsa ruwa da ƙarfi huhu zai tafi, nan take sai ki rasa shi. Ki sa cokali ɗaya na sukari a lita ɗaya ta ruwa mai ɗan ɗumi, ki ɗiba a murfin kwalba, ki tsoma ƙarshen bakinsa ki sake shi. Za ki ga ya ɗaga kai ya haɗiye. Ko ki ɗiga a gefen bakin da yatsa. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har ki kwanta. Ruwan sukarin na yau da gobe ne kawai, in ya daɗe yana ƙara zawo. In ya ɗan farfaɗo ki dafa ƙwai, ki murmushe gwaiduwar ki ba shi. Da ma gwaiduwa ce abincinsa na farko, ita ya shanye a cikinsa kafin ya fasa ɓawo, ita ke riƙe ɗan tsako kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba.

Gawayi a rufaffen ɗaki kuma a'a, don shi da ku duka. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum yana barci, balle ɗan tsako. Ki cika gorar roba da ruwan zafi, ki naɗe da tsumma, ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, ki bar ɗaya gefen don in zafi ya ishe shi ya matsa. Ki rufe saman da zani amma ki bar kafar iska. Jikin kaza yana kai digiri 41, ɗan kwana ɗaya yana son ɗumin digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da wajen digiri 3 duk sati. Ɗan sati biyar mai lafiya ya kusa wuce wannan, amma naki gashinsa bai rufe shi ba, ki ɗauke shi a matsayin ɗan sati biyu. Kuma Sadik ya dinga wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi, kada ya kai shi kusa da baki.

Hajiya Goggo, Yakasai:
Dakta ɗana, na ga ka tsallake barkonona da maɗacina ba ka ce komai ba. Faɗi ra'ayinka, ba zan ji haushi ba. Ni dai na fi shekara arba'in ina kiwon kaji a cikin Yakasai, ban taɓa kai kaza asibiti ba, kuma da kuɗin kaji na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki da yawa.

Dakta Kabiru:
Hajiya, Allah ya ja kwana. Ba raini ba ne. Yawancin abin da kuke yi mu ma shi muke koyarwa: ware marar lafiya, ɗumi, toka, gara, share akurki. Ina ganin waɗannan ne suka riƙe miki kajinki shekarun nan, barkonon ya samu suna ne kawai. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono yadda mu ke ji, shi ya sa suke shan ruwan ba sa gudu, kuma ba zai cuce su ba. Amma bai isa ya tsayar da kashin jini ba in ta kama, balle babbar cutar hunturu. Maɗaci kuwa tsorona ɗaya ne: in ruwa ya yi ɗaci, marar lafiya sai ya rage sha, shi kuma ɗan tsako mai zawo ƙishirwa ce take fara kashe shi. In bari in tambaye ki Hajiya, a shekarun nan ba a taɓa yin shekarar da ciwo ya shigo da sanyi ya share miki akurki ba?

Hajiya Goggo, Yakasai:
An yi mana, ba sau ɗaya ba. Mai sa su koren kashi da murɗe wuya, kaza ta dinga juyi tana kallon sama. Wannan in ta shigo unguwa sai dai a yi ta yanka. Ita kam na yarda barkono ba ya yi mata. Amma maɗaci ban sallama ba, ina ganin amfaninsa a kan tsutsar ciki, kuma zan ci gaba da sa wa manyan. Ƙananan dai na ji, zan bar musu farin ruwa.

'Yata, ga abin da ba a sayarwa a kemis. Ki samo toka mai sanyi wadda aka tankaɗe, ki haɗa da yashi mai laushi a tsohon baho, ki ajiye inda rana ke bugawa. Da kansu za su shiga su yi birgima, ƙwarƙwata ba ta son haka. Shi ƙaramin ki ɗan barbaɗa masa da yatsa a ƙarƙashin fiffike, ki kiyaye ido da hanci. Uwar ma ki yi mata, a jikinta suke ɗauka. Tsohon shimfiɗin akurkin ki kwashe ki ƙone. Don Allah kada wani ya ce ki shafa masa kananzir ko ki fesa fiya-fiya, na ga gidan da aka yi haka aka wayi gari babu ko ɗaya.

Sai gara. Ku na Ɗorayi har yanzu kuna da filaye a kusa. Ki samu tsohuwar tukunyar ƙasa, ki cusa karan dawa da busasshen kashin shanu da ɗan tsumman buhu, ki yayyafa ruwa, ki sa yaro ya kife ta da yamma inda ya ga gara tana gini. Da sassafe ya ɗauko, ki zazzage musu. Amma ki tsince masu manyan kan nan, suna cizon ɗan tsako a maƙogwaro. Sati biyu suna cin gara za ki ga gashinsu yana sheƙi.

Ummi, Rijiyar Zaki:
Hajiya mun gode, wannan dabarar ban taɓa ji ba. Ni tambayata a kan abinci ce. Ina da ragowar abincin kajin ƙwai, zan iya bai wa 'yan tsakina? Kuma maƙwabciyata tana awara, tana ba ni dusar.

Dakta Kabiru:
Ummi, abincin masu ƙwai kada ki bai wa 'yan tsaki. An cika shi da sinadarin ƙashi saboda ɓawon ƙwai, ya ninka abin da ƙarami ke buƙata sau uku ko fiye, yana lalata musu ƙoda. Ki nemi na 'yan tsaki, masu shagon abincin kaji suna aunawa a kwano, ba sai kin sayi buhu ba. Dusar awara tana da amfani, sai dai danshinta ya sa take saurin tsami, ki turara ta ko ki soya sama-sama ki shanya ta bushe. Ɗanyen waken suya yana da wani abu da ke hana narkewar abinci, wuta ce ke kashe shi, don haka duk mai haɗa abinci a gida ya soya waken kafin ya niƙa. Garin busasshen kifi, ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, busasshen zogale kaɗan, duk suna taimakawa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna. Mutane kan ce ai na kaji ne, su sayi mai araha. Gubar fumfunar nan hanta take ci, kuma tana cikin manyan dalilan da ke sa 'yan tsaki su tsumbure gaba ɗaya. In kin shinshina kin ji warin ruma, ki bar ta.

Malam Ado mai kaji:
Ni a kasuwar Tarauni nake sana'a, bari in ƙara da abin da na sani. Dakta ya tambaya ko an shigo da sabuwar kaza, wannan tambayar ita ce babba a wannan watan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in ciwo ya shiga ƙauye, mai kaji ba ya jira, kwashe su yake ya kai kasuwa tun suna tsaye. Kowace kasuwa haka ne, ba a nan kaɗai ba. Mu da muka daɗe muna ganewa, amma wadda ta ɗauka jiya ba ta nuna ba, ko mu ba za mu gane ta ba. Don haka in kin ga kaza da araha fiye da kima a hunturu, ta yanka ce, ba ta kiwo ba. In kuma dole sai kin sayi ta kiwo, ki ɗaure ta a wani lungu daban sati biyu, kwanon ruwanta daban. Har kazar da aka kawo miki kyauta daga ƙauye ranar suna, haka za ki yi mata. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006, da wadda ta dawo Kano a farkon 2015, sun san yadda gonaki suka koma kango. In kaji suka fara zubewa da yawa rana ɗaya, a sanar da likitan dabbobi, a binne gawar da zurfi, kada a jefa a bola karnuka da shaho su raba wa unguwa.

Ummi, Rijiyar Zaki:
Malam Ado, to wane iri ya fi dacewa da mai kiwo a tsakar gida? Ina jin ana ta yabon noila.

Malam Ado mai kaji:
Kowane da halinsa. Noila tana saurin girma fiye da ta Hausa, tana ƙwai, tana cin ragowar gida, amma ba ta cika yin kwanci ba, sai ki sa wa ta Hausa ƙwan. Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar ta ƙwai ce, tana jure zafinmu, amma tana son abincinta cikakke. Burola sati shida zuwa takwas an gama, sai dai ba ta yafe sakaci ko na kwana ɗaya. Ta Hausa ba ta da sauri, amma ita ce ke kwanci kwana 21 ta fito miki da 'ya'ya ba inji ba lantarki, ta kuma kare su daga shirwa. Ko ƙwan zabi kika sa mata za ta zauna har sati huɗu ta ƙyanƙyashe. Ni in za a bi tawa, mai farawa ya fara da ita.

Maman Sadik, Ɗorayi:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Ya kwana, alhamdulillahi, da asuba na ji yana kuka da ƙarfi, na ba shi gwaiduwa ya ci. Na kai shi asibiti da kashin, sun duba sun ce kashin jinin ce, sun ba ni maganin na sa wa duka. Ashe akwai wani a cikin takwas ɗin da shi ma ya fara sanyi, sai da na zauna na lura na gani. Baban Sadik ya matsar da akurkin can gefen da rana ke fitowa, ya ɗora shi a kan bulo, mun zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa. Na sayo abincin 'yan tsaki kwano ɗaya. Yanzu ƙaramin yana tsayawa da ƙafarsa, yana shan ruwa da kansa, fiffike ɗaya ne bai gama ɗagewa ba. Yaushe zan mayar da shi wajen uwar? Kuma zai kamo 'yan uwansa?

Hajiya Goggo, Yakasai:
Masha Allah, barka 'yata. Kada ki yi gaggawa. Ki dinga fito da shi da hantsi ki kife shi da kwando a kusa da su, suna ganinsa yana ganinsu, don kada uwar ta manta shi ta koma saransa. In ya yi ƙarfi ki mayar da shi da daddare, ki tura shi ƙarƙashinta tana barci. Kuma ki ƙara kwanon abinci ya zama biyu, nesa da juna.

Dakta Kabiru:
Madalla. Ki cika kwanakin maganin ko kin ga sun warware, kuma duk safiya ki haɗa sabo. A kwanakin nan kada ki haɗa musu da bitamin mai yawa a ruwa ɗaya, maganin yana aiki ne ta hanyar hana cutar samun bitamin B1, in kin zuba shi da yawa kin rage masa ƙarfi. Bayan an gama sai ki ba su bitamin ɗin. Batun girma kuwa, zan faɗa miki gaskiya, da wuya ya kamo su. Wanda ya rasa satuttukan farko yakan zauna ƙarami, amma zai iya rayuwa lafiya ƙalau. Shawarata, in zakara ne kada ki bar shi ya zama na barbara a gidan, ki zaɓi mafi girma a cikinsu.

Saura babbar, wadda Hajiya ta kwatanta, mai koren kashi da murɗe wuya. Ita ce cutar Newcastle, bairos ce, ba ta da magani sai rigakafi, kuma yanzu ne lokacinta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin rigakafin, akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha, akwai I-2 da ake ɗigawa a ido, wadda ta fi jure zafi, ita ta fi dacewa da kajin gida. Ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Marar lafiya ba a yi masa, don haka ke ki bari sai naki sun warware sarai.

Abba Kurna:
Anti barka, na ji daɗi wallahi. Har yanzu dai ina kan bakana cewa a gonar kasuwa ba za a iya wannan jinyar ba, amma batun ja da yalo zan zo mu zauna Dakta. Rigakafin kuma matsalarsa ga masu kaji goma ita ce kwalbar, ko mafi ƙanƙanta ta kaji masu yawa ce, kuma in an fasa ba a ajiyewa. Ni zan yi wa nawa ranar Asabar ta sama. Duk wanda ke kusa da Kurna ko Rijiyar Lemo ya yi min magana mu haɗa kuɗi, ya zo da kwanonsa.

Ummi, Rijiyar Zaki:
Mu ma na wannan ɓangaren mu haɗa namu. Ni da maƙwabtana muna da wajen talatin. Maman Sadik, in naki sun warke zuwa lokacin sai mu sa da ke, Ɗorayi ba nisa.

Maman Sadik, Ɗorayi:
In sha Allahu ina ciki. Zan yi wa matan layinmu magana, kusan kowane gida akwai kaji. Dakta, akwai abin da za mu kiyaye ranar?

Dakta Kabiru:
Wanda zai sayo ya je wajen da ke da firji mai aiki, ya duba kwanan watan jikin kwalbar, ya tafi da fulas da ƙanƙara, kada ya sa ta a aljihu. In ta ruwa ce, ku janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu tukuna don su ji ƙishirwa, ku yi da sassafe a inuwa. Ku yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, banda na famfo mai sinadarin kulorin, yana kashe rigakafin, kuma kwanon ya zama na roba wanda babu sabulu a jikinsa. Daga haɗawa zuwa shanyewa kada ya wuce awa biyu, don haka gidajen da za su raba su zama kusa da juna, kowa ya tsaya da kwanonsa kafin a fasa. Ku na Rijiyar Zaki da Ɗorayi, in kun tsayar da rana ku faɗa min a nan, in ba ni da aiki zan zo in nuna muku yadda ake ɗigawa a ido.